Lasifika da Amfilifaya da Ɗaki: Bayani Kan Zaɓen Na'urar Sauraro ta Gida

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani ne kan yadda ake zaɓen lasifikar sitiriyo ta gida, ta yadda za ta dace da amfilifayar da za ta ciyar da ita da kuma ɗakin da za a girke ta. An nuna cewa adadin wat da ake rangaɗawa a jikin kwali, wanda shi ne abin da akasarin masu saye ke fara dubawa, ya fi sauran alƙaluma ƙarancin amfani. Maƙalar ta fayyace zangon sauti da turjiya da ƙwazon lasifika, ta kawo lissafin ƙarfin da ake buƙata a ɗakin zama, sannan ta duba tasirin irin ginin da ake yi yau a biranen ƙasar Hausa. An danganta bayanin da buƙatar manazarcin harshe da waƙa, wanda ingancin rubutunsa ya rataya a kan abin da kunnensa ya tsinkaya.

1.0 Gabatarwa

Kaso mai yawa na abin da ake nazarta a sassan Hausa na jami'o'i ta kunne yake shigowa. Waƙoƙin baka da tatsuniyoyi da hirarrakin da aka naɗo a fagen bincike da bayanan karin harshe, duk sai an saurare su kafin a mayar da su rubutu. Mai juyar waƙar Narambaɗa daga tsohon kaset zuwa takarda yana ƙoƙarin rarrabe dogon wasali da gajere, da baƙi mai ƙugiya da maras ita, a tsakiyar amon kotso da muryoyin 'yan amshi. Idan na'urar da yake saurare da ita ta danne wani sashe na sautin ko ta kumbura wani, kuskuren ji kan bi shi har cikin kundi, daga kundi kuma ya faɗa hannun wanda zai kafa hujja da shi.

Duk da haka, wanda ya shiga kasuwar Sabon Gari a Kano ko ta Alaba a Legas neman lasifika, tambaya ɗaya ce ta fi yawo tsakaninsa da mai shago: wat nawa ce? Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa sautin da ke isa kunne haɗin gwiwar abubuwa uku ne, wato amfilifaya da lasifika da ɗaki. Matsayinsu tamkar na duwatsun murhu ne, in ɗaya ya gaza tsawo tukunya karkata take yi. Saboda haka ba a yanke wa lasifika hukuncin kyau ko muni sai an san abin da zai ciyar da ita da wurin da za ta zauna.

2.0 Lasifika da Yadda Take Aiki

Hausawa kan yi amfani da kalmar amsa-kuwwa ga na'urar da ke fitar da sauti, kuma da ita suke kiran amon da dutse ko bango ke mayarwa. Domin kauce wa ruɗani, an keɓe lasifika ga na'urar a wannan maƙala, an bar amsa-kuwwa ga amon da ɗaki ke mayarwa. Amfilifaya ita ce na'urar da ke karɓar raunanan saƙon lantarki daga kwamfuta ko rikoda ko wayar salula, ta ƙara masa ƙarfi har ya iya motsa lasifika. Sitiriyo kuwa tsari ne na naɗar sauti da sake fitar da shi ta kafa biyu, hagu da dama, domin mai sauraro ya ji matsayin kowane makaɗi a gabansa. Alan Blumlein na kamfanin EMI a Ingila ne ya nemi rajistar wannan fasaha a shekarar 1931.

Akasarin lasifikokin yau sun samo asali ne daga ƙirar da Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric a Amurka suka bayyana a 1925. Ana naɗa siririyar waya a saka ta cikin ratar maganaɗisu, a manna ta da wani faifai mai siffar mazurari, na takarda ko roba ko ƙarfe maras nauyi. Da zarar lantarki mai kai-da-komo ya ratsa naɗin, sai ya riƙa motsi gaba da baya, faifan ya tura iska kamar yadda fatar ganga ke yi bayan makaɗi ya sauka a kanta.

Ana auna yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa guda da ma'aunin haz, wanda ake rubutawa Hz. Lafiyayyen kunnen matashi yana ji daga wajen haz 20, wato sauti mafi kauri, zuwa haz 20,000, wato mafi kaifi, kuma iyakar saman tana raguwa da shekaru. Faifai ɗaya ba ya iya ɗaukar wannan zango duka yadda ya kamata. Shi ya sa ake raba aikin tsakanin babban faifai na sauti mai kauri, wanda masu sana'ar ke kira wufa, da ƙarami na sauti mai kaifi, wato tuwita. A cikin akwatin akwai wani haɗin lantarki da za a iya kira mararraba, wanda ke aika kowane sashe na sautin zuwa faifan da ya dace da shi. A lasifika mai faifai biyu, rabuwar kan faɗo ne a wajen haz 2,000 zuwa 3,000.

2.1 Zangon da ya fi muhimmanci

Tushen muryar namiji baligi yana tsakanin haz 85 da 180, na mace kuma tsakanin 165 da 255. A kan hawa da saukar wannan tushe karin sautin Hausa yake, na sama da na ƙasa da faɗau. Abin da ke bambanta wasali da wasali yana zaune ne daga 'yan ɗaruruwan haz zuwa wajen 3,000, yayin da ƙarfin zuzau irin su /s/ da /sh/ ya fi taruwa daga wajen haz 3,000 zuwa sama. Binciken Harvey Fletcher da Wilden Munson na 1933 ya nuna cewa kunne ya fi saurin tsinkayar sautin da ke tsakanin haz 2,000 da 5,000, kuma yana da rauni ga mai kauri sosai. Ke nan tsakiyar zango, inda magana take, kuma inda amon kalangu da kuntigi da goge da algaita ya fi yawa, shi ne wurin da aibin lasifika ya fi fitowa fili.

Kamfanoni kan rubuta zangon da lasifikarsu ke fitarwa, misali 55 Hz zuwa 20,000 Hz. Adadin ba ya da ma'ana sai an biyo shi da iyakar karkata, kamar ±3 dB, wadda ke nuna cewa babu sashen da ya ɗara wani da yawa a cikin zangon. A nan ne irin na'urar nan da ake kira hom-tiyata, mai babban akwatin wufa guda da 'yan ƙananan lasifikoki, ke gazawa ga mai nazari. Ƙananan ba sa iya sauka ƙasa sosai, sai aikin fitar da tushen muryar namiji ya koma kan akwatin wufa da ke ƙasa a lungu, muryar ta fito a cushe.

3.0 Turjiya

A bayan kowace lasifika akan ga adadi tare da alamar Ω, galibi 4 ko 6 ko 8. Wannan shi ne ma'aunin om, kuma yana nuna turjiyar da lasifika ke yi wa lantarkin da amfilifaya ke tura mata. Ƙarancin turjiya na nufin lasifikar za ta zuƙi lantarki mai yawa. Idan amfilifaya ta fitar da bolt 20, lasifika mai om 8 za ta ja amfiya 2.5, wato wat 50. Mai om 4 kuwa za ta ja amfiya 5, wato wat 100. Amfilifayar da aka gina da ƙaramar taransifoma da ƙaramin ƙarfen sanyaya ba za ta jure ninkin ba: za ta yi zafi, ta kashe kanta idan tana da kariya, ko ta ƙone idan ba ta da ita.

Adadin da ke rubuce kuma matsakaici ne kawai, domin turjiyar lasifika tana hawa tana sauka gwargwadon kaurin sauti ko kaifinsa. Ƙa'idar hukumar IEC ta tanadi cewa kada mafi ƙarancin turjiyar ya gaza kashi 80 cikin 100 na abin da aka rubuta, wato om 6.4 ga mai om 8, sai dai ba kowane kamfani ke bin wannan ba. Abin yi shi ne a duba bayan amfilifaya, kusa da inda ake ɗaura wayoyin lasifika, inda akan rubuta iyakar turjiyar da take ɗauka. Idan an rubuta 8Ω zuwa 16Ω, a nemi lasifika mai om 8. Idan an rubuta 4Ω, duk ukun za su yi. Wata alamar ƙaƙƙarfar amfilifaya ita ce kamfanin ya bayyana ƙarfinta a kan om 8 da kuma om 4, kuma na biyun ya ɗara na farko sosai.

Kuskuren da ya fi yawa a gidaje shi ne ɗaura lasifika biyu a kafa ɗaya ta amfilifaya, ja da ja, baƙi da baƙi, don neman ƙarin ƙara. Irin wannan haɗi raba turjiya yake yi biyu: masu om 8 guda biyu sun koma om 4, masu om 4 guda biyu sun koma om 2, abin da amfilifayar gida ƙalilan ce ke iya ɗauka. Haka abin yake a yawancin amfilifayoyi masu maɓallin A da B idan aka kunna su tare.

4.0 Ƙwazo da Ƙarfin Wat

Ƙarfin ƙara da desibel ake auna shi, ana rubuta shi dB. Ma'aunin ba ya tafiya kamar na mudu, inda biyu ke ninka ɗaya. Ninka wat sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa, bambancin da kunne ke ji amma ba mai yawa ba. Kafin mutum ya ji kamar ƙara ta ninka, sai an ƙara wajen desibel 10, wanda ke buƙatar ninka wat sau goma. Don haka tazarar da ke tsakanin amfilifaya mai wat 50 da mai wat 100 ba ta kai yadda alƙaluman ke nunawa ba.

Abin da aka kira ƙwazo a nan shi ne yawan ƙarar da lasifika ke bayarwa idan aka ba ta wat guda, aka auna daga nisan mita guda. Galibin lasifikokin gida suna tsakanin desibel 84 da 92. Lasifika mai desibel 91 da wat 25 za ta yi ƙarar da mai desibel 85 ba za ta yi ba sai da wat 100. Akwai wani abin lura wajen karanta adadin. Kamfanoni da yawa suna aunawa da bolt 2.83 maimakon wat guda. A kan om 8 daidai suke, amma a kan om 4 bolt 2.83 wat biyu ne, don haka sai a rage desibel 3 daga abin da aka rubuta kafin a kwatanta.

4.1 Misalin lissafi

A ɗauka mai sauraro yana zaune mita 3 daga lasifikoki biyu, kowace mai ƙwazon desibel 88. A fili, duk lokacin da nisa ya ninka ana rasa desibel 6, kuma a mita 3 hasarar ta kai wajen 9.5, saura 78.5. Lasifika ta biyu tana ƙara wajen desibel 3, ya zama 81.5 da wat guda a kowace kafa. Matsakaicin sauraro na desibel 80 ƙara ce isasshiya a ɗaki, amma bugun ganga da ɗaga murya kan haura matsakaicin da wajen desibel 15, don haka a tanadi 95. Giɓin desibel 13.5 da ya rage yana buƙatar wat 22. Idan aka sauya ƙwazon lasifikar, ga yadda buƙatar ke sauyawa:

a) Ƙwazon desibel 91: wat 11 a kowace kafa.
b) Ƙwazon desibel 88: wat 22.
c) Ƙwazon desibel 85: wat 45.
d) Ƙwazon desibel 82: wat 90.

Lissafin bai haɗa da amon da bangaye ke mayarwa ba, wanda ke ƙara rage buƙatar. Daga nan za a fahimci cewa amfilifaya mai wat 40 zuwa 60 na gaskiya a kowace kafa ta wadatar da akasarin ɗakunan zama. Bai kamata kuma a manta da lafiyar kunne ba. Hukumar NIOSH ta Amurka ta sa iyakar sa'a 8 ga ƙarar desibel 85, kuma kowane ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: sa'a 4 a 88, sa'a 2 a 91.

4.2 Wat na gaskiya da wat na kwali

Ƙarfin da za a dogara da shi shi ne wanda amfilifaya ke iya bayarwa a ɗore, wanda akan yi wa alamar RMS, tare da bayyana turjiyar da aka auna a kai da kuma cewa kafofi biyu suna aiki tare. Tun a 1974 hukumar kula da ciniki ta Amurka, FTC, ta wajabta wa masu tallar amfilifaya bayyana irin wannan adadi, saboda yadda zuzutawa ta yi yawa. Haruffan PMPO da ake bugawa da manyan lambobi a kwali ba su da wata ƙa'idar awo da aka yarda da ita. Hanya mai sauƙi ta gano gaskiya ita ce duba abin da na'urar ke sha daga soket, wanda ake rubutawa kusa da igiyar wuta. Na'urar da ke shan wat 60 ba ta da inda za ta samo wat 2,000 ta bayar.

Wat ɗin da ke rubuce a jikin lasifika kuwa iyakar abin da take jurewa ne kafin ta lalace, ba ya faɗin komai game da ƙararta ko daɗin sautinta. Ƙaramar amfilifaya ma tana ƙona lasifika. Idan aka murɗa ta fiye da ƙarfinta, sai ta riƙa yanke kan kowane bugu, sautin ya tsage, kuma zafin da ke isa siririn naɗin tuwita ya ƙaru har ya ƙone. Da zarar an ji tsagewa ko kaushi a murya, a rage nan take.

5.0 Ɗaki

A ɗakin zama, kaso mai yawa na abin da ke isa kunne ya riga ya bugi bango ko daɓe ko rufi kafin ya iso. Ɗakin yana tasiri ta fuska biyu: daɗewar amsa-kuwwa, da ƙugin sauti mai kauri.

5.1 Daɗewar amsa-kuwwa

Wallace Sabine na Jami'ar Harvard ne ya gano, a ƙarshen ƙarni na 19, cewa lokacin da amo ke ɗauka kafin ya mutu a ɗaki ya danganta da girman cikin ɗakin da yawan abin da ke shanye sauti a cikinsa. Ana ninka girman ɗakin da 0.161, a raba da jimillar abin da saman bangaye da daɓe da rufi ke shanyewa. A ɗauki falo mai tsawon mita 5, faɗin 4, bisa 3. Girman cikinsa 60 ne, faɗin samansa duka murabba'in mita 94. Idan daɓen tayil ne, bangon siminti mai fenti, rufin silin mai santsi, kayan ɗaki kaɗan, abin da ake shanyewa ba zai wuce kamar kashi 5 cikin 100 ba, kuma amo zai ɗauki daƙiƙa 2 kafin ya mutu. Idan aka shimfiɗa darduma, aka rataya labule mai kauri, aka zuba kujerun kushin har shanyewar ta kai kashi 25, lokacin zai sauko zuwa daƙiƙa 0.4, wanda ke cikin abin da ake so ga ɗakin sauraro. A ɗaki na farko gaɓa tana hawa kan gaɓa, kuma babu tsadar lasifikar da za ta gyara wannan.

Ana gwada ɗaki da tafi guda mai ƙarfi a tsakiyarsa. Idan aka ji wani siririn amo yana karkarwa bayan tafin, bangaye masu fuskantar juna ne ke jifan juna da sauti. Kantar littattafai a jikin ɗaya daga cikinsu tana warwatsa shi, kuma wannan kaya ne da ba ya yi wa malami wuyar samu. Ɗaki mai zagaye ko mai rufin tulluwa yana tattara amo a wuri guda, don haka bai dace da sauraron sitiriyo ba.

5.2 Ƙugi

Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa a yanayin zafi na digiri 20, ya kai wajen 352 a digiri 35. Tsakanin kowane bango biyu masu fuskantar juna akwai wani sauti mai kauri da ke dacewa da tazarar, ya riƙa ƙarfafa kansa. Ana samunsa ta raba gudun sauti da ninkin tazarar. Ɗakin da magina ke kira sha biyu sha biyu, wato ƙafa 12 kowane ɓangare ko mita 3.66, yana ƙugi a haz 47, da kuma ninkinsa, 94 da 141. Da yake tsawo da faɗi ɗaya ne, ƙugin biyu kan hau kan juna, kuma 94 da 141 sun faɗo cikin zangon muryar namiji. Ƙugin ya fi ƙarfi a jikin bango da kusurwa, yayin da mafi kaurinsa ke kusan ɓacewa a tsakiyar ɗaki. Labule da darduma ba sa maganinsa, domin tsawon igiyar sauti a haz 47 ya haura mita 7. Maganinsa yana cikin zaɓen girman lasifika da wurin ajiye ta.

5.3 Girman lasifika da girman ɗaki

Masu ƙira sun daɗe da sanin cewa abubuwa uku ba sa haɗuwa a lasifika ɗaya: ƙaramin akwati, sauti mai kauri sosai, da babban ƙwazo. Sai dai a zaɓi biyu. Lasifikar Klipschorn da Paul Klipsch ya fito da ita a 1946 tana da ƙwazon da ya haura desibel 100 da sauti mai kauri, amma girmanta ya kai na kabad, kuma sai a kusurwar babban ɗaki take aiki. LS3/5A da BBC ta ƙera a shekarun 1970 domin ƙananan wurare irin motocin watsa shirye-shirye 'yar ƙarama ce, ta shahara da fitar da murya tsaf, amma ƙwazonta wajen desibel 83 ne kuma ba ta sauka ƙasa sosai.

A ɗaki mai murabba'in mita 10 zuwa 15, ƙaramar lasifika mai wufa inci 5 zuwa 6.5 a kan matashi ta fi dacewa, domin ba ta cika tayar da ƙugin ɗakin ba. Doguwa mai tsayuwa a ƙasa a irin wannan ɗaki linzami ne da ya fi ƙarfin bakin kaza. Wurinta shi ne falon da ya haura murabba'in mita 25, musamman mai buɗe da wurin cin abinci. Ƙirar akwati ma abin dubawa ce. Rufaffen akwati, irin wanda Edgar Villchur ya yaɗa daga 1954, yana sauke kaurinsa a hankali kuma ya fi haƙuri da kusantar bango. Akwati mai hudar iska ya fi ba da kauri da ƙwazo, amma idan hudar a baya take yana buƙatar tazarar aƙalla santimita 30 zuwa 50 daga bango.

5.4 Wurin ajiyewa

Lasifikoki biyu da kan mai sauraro su zama kusurwoyi uku masu tazara ɗaya, misali mita 2 zuwa 2.5. Tuwita ta daidaita da kunne, domin sauti mai kaifi miƙe yake tafiya. Wanda a darduma yake zama sai ya sauko da lasifikarsa. A nisanci kusurwar ɗaki, kada kuma mazauni ya jingina da bangon baya ko ya kasance a tsakiyar ɗaki cif. Wayar jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ta isa ga nisan mita 5, muddin an ɗaura ja da ja, baƙi da baƙi a kafofin biyu. Idan aka juya ɗaya, kauri yana raguwa, murya kuma ta rasa matsaya. Mai aikin juyar magana zuwa rubutu zai fi amfana da zama kusa, wajen mita guda daga ƙananan lasifikoki, inda tasirin ɗaki ke raguwa, kuma wat 5 ya isa ga mai ƙwazon desibel 85.

6.0 Wuta da Yanayi da Kayan Hannu

Wutar Nijeriya bolt 230 ce, ta Nijar 220, duka a kan haz 50. Amfilifayar hannu da aka yi domin Amurka bolt 120 take sha, ta Japan kuma 100, don haka sai da taransifoma mai rage ƙarfin wuta. Hawa da saukar wuta, da ta janareta maras daidaito, suna rage abin da amfilifaya ke iya bayarwa kuma suna gajarta kwananta, shi ya sa sitabilaiza ke cikin lissafin kuɗi tun farko. Zafin bazara yana rage wa amfilifaya ikon sanyaya kanta, wanda ƙarin dalili ne na fifita lasifika mai om 8 da ƙwazo mai kyau, da barin sarari a saman amfilifayar.

Wajen sayen lasifikar hannu, a duba zoben da ya kewaye bakin wufa. Na soso yana ruɓewa da shekaru da zafi, na roba ko ƙyalle ya fi ƙarko. A tura faifan a hankali da yatsu a kewayen tsakiyarsa; idan aka ji gogayya, naɗin ya taɓu ko ƙura ta shiga ratar. A kara kunne a kowace tuwita a tabbatar tana aiki. Mita mai auna turjiya za ta nuna adadin da ya ɗan gaza na rubuce, kamar om 6 ga mai om 8, kuma ya kamata lasifikokin biyu su nuna kusan abu ɗaya.

7.0 Gwajin Kunne

Bahaushe ya ce gani ya kori ji, amma a wannan ciniki ji ne ke da hukuncin ƙarshe. A tafi da sautukan da aka sani sarai: muryar mai karanta labarai, waƙa mai kayan kiɗa ɗaya kamar kuntigin Ɗanmaraya Jos, da mai taron makaɗa da 'yan amshi kamar ta Mamman Shata. Tsofaffin naɗe-naɗe da yawa na kafa ɗaya ne, kuma wannan ya sa suka zama ma'auni mai kyau: idan lasifikokin sun yi daidai da juna, muryar za ta tsaya cak a tsakiyarsu. A kwatanta lasifika biyu a ƙara ɗaya, domin kunne kan ɗauki wadda ta ɗan fi ƙara a matsayin wadda ta fi daɗi. A saurara a ƙasa-ƙasa kuma, a ga ko kalmomi na fita. In da hali, a je da amfilifayar da za a yi amfani da ita, a kuma nemi yarjejeniyar mayarwa idan ɗaki ya ƙi karɓar kayan.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa zaɓen lasifika yana da jeri. Ana fara auna ɗaki da nisan mazauni, daga nan a san girman lasifikar da ta dace. Sai a duba iyakar turjiya da ƙarfin amfilifaya na gaskiya, a zaɓi om da ƙwazon da suka yi daidai da ita. Bayan haka a gwada da kunne, a girke bisa ƙa'ida, a tausasa ɗakin da darduma da labule da littattafai. An kuma gabatar da kalmomin turjiya da ƙwazo da mararraba da ƙugi a matsayin shawara ga masu aikin ƙirƙirar kalmomin fannu, waɗanda ke da damar tace su ko maye gurbinsu. Sassan Hausa da ke adana kaset-kaset da faya-fayan waƙoƙi za su amfana idan suka keɓe ƙaramin ɗakin sauraro da aka tsara bisa waɗannan ƙa'idoji, domin ɗalibi da mai duba aikinsa su ji abu ɗaya kafin su yi saɓani a kan abin da mawaƙi ya faɗa.